Sawun da Aka Bari a Bayan Ɗakin Gam

Da safiyar ranar da aka dawo aiki bayan hutun ƙarshen mako, ma'aikatan ƙaramin kamfanin takalma da ke ƙarshen layin masu walda suka tarar an ɓalle kwaɗon ƙofar baya. An ɗauke keken ɗinki guda, an kuma janye duron gam ɗin da ake liƙa ƙasan takalma da shi. Kafin rana ta yi zafi layin ya cika da 'yan kallo, kowa da nasa ɓarawon a baki.

Mai kamfani bai kira 'yan sanda ba. Mai Sawu ya aika a kira.

Mai Sawu mutum ne mai gyaran keke, furfura ta fara cin gemunsa. Tun yana saurayi yake bin sawun dabbobin da aka sace, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Duk wanda aka yi wa sata a unguwar, shi ake fara nema. Sai dai wannan karon gabansa ya faɗi tun kafin ya ajiye sifana, domin 'yarsa Auta a kamfanin take aiki, a ɗakin gam ɗin ma.

An yi ruwa kafin hutun, filin baya duk laka ne. Mai kamfani, wani gajeren mutum mai fara'a da saurin magana, ya shige gaba yana nuna masa hanya. Sawun yana nan raɗau, daga bakin kwata zuwa ƙofa. Takalmin roba ne irin wanda kamfanin ke raba wa ma'aikatansa, kowa da shi. Ƙafar dama ta taka lafiya. Ta hagu kuwa, kafin kowane taku sai ta ja wani siririn layi a laka, kamar an ja tsinke. A gefe ga faffaɗan shatin duro, inda aka ja shi har bakin kwalta, ya shafe duk abin da ke ƙarƙashinsa.

Mai Sawu ya durƙusa, ya kasa tashi. Ya san layin nan. Kullum da safe yana ganin irinsa a tsakar gidansa, daga ƙofar ɗakin Auta zuwa famfo.

A bayansa ya ji surutun mutane ya ragu, ya koma raɗa. Wata murya ta ce ai a duk kamfanin nan mutum ɗaya ce ke jan ƙafa. Wata ta ce a yi shiru, ga ubanta nan. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta, saura kaɗan ya murje layin da tafin takalminsa. Ya mayar da ita. Ya ce a kawo masa tsofaffin fallayen kwanon rufi da ke jingine da katanga, ya rufe sawun da shatin duron gaba ɗaya. Ya ce don kada rana ta ɓata shaida. A ransa ya san don kada idon jama'a ya ci gaba da kallo ne.

Mai kamfani ya ja shi ofis, ya rufe ƙofa, ya kunna masa fanka. Ya yi maganar cikin tausayi. Ya ce shi ma uba ne, shi ya sa bai kai maganar gaba ba. Ya ce yarinyar ta zo masa a makon jiya tana neman a ɗibar mata gam, wai likita ce ta aiko ta, shi kuma ya hana, don kayan kamfani ba na rabo ba ne. Ta fita tana huci a gaban kowa.

"Baba, ni ba na son tonon asiri," in ji shi. "Ta zauna a gida ta yi jinyar sugarta. A bar maganar gam, a bar maganar likita, ni ma in bar maganar keke. Kai ka ce sawu ya ɓace a kwalta. Wa zai musa maka?"

Mai Sawu ya ce a ba shi zuwa gobe. Ya fito ya nufi gida.

Tun Auta tana 'yar makarantar firamare aka gano tana da ciwon suga. Daga ranar Mai Sawu bai ƙara yin barci mai nauyi ba. Shi ya koyi yi mata allura kafin ta koya da kanta, shi ke duba tafin ƙafarta ko ta taka wani abu. Yayyenta suna tsokanarsa wai ko atishawa Auta ta yi sai Baba ya nemi motar asibiti. Da ta girma ta nace sai ta yi aiki, ya bar ta ne kawai saboda kamfanin yana kusa da rumfarsa. To a 'yan watannin nan sai ƙafafunta suka fara mutuwa. Silifa ya zame mata ba ta sani ba. Daga baya ta hagun ta fara ja. Kowa ya ce suga ne, ai haka yake yi. Shi ma haka ya ce.

Ya same ta zaune a kan tabarma tana fama da maɓallin riga, yatsun sun ƙi kamawa. Labari ya riga shi isowa gida. Uwarta na tsaye a ƙofar kicin, idonta jawur.

Ya tambaye ta ina ta je jiya, da ta fita bayan azahar ba ta dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ta ce unguwa. Ya ce wace unguwa. Ta ce ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Ya tuna mata cewa da kunnensa ya ji ta ce ko ta halin ƙaƙa sai ta kai wa likita gam ɗin nan.

Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, kai ma?"

Uwar ta ce ya ji kunya, yarinyar da ba ta iya ɗaukar bokiti ita ce za ta ja duro. Ya ce mutane na cewa da mai taimaka mata. Ta ce to ya je ya auri mutanen. Ya tsaya yana kallon takalmin aikin Auta a bakin ƙofa. Gabansa ya cinye, na hagu sosai, na dama kaɗan. Da laka a jikinsa, amma a ranar babu takalmin da ba laka a garin.

Maigadin kamfanin tsoho ne mai son rediyo. Da farko ya rantse bai matsa ko'ina ba. Mai Sawu ya nuna masa ƙasan bencinsa, inda tururuwa suka gina hanya ta ratsa daidai wurin da yake ajiye ƙafa, ya ce wannan ba aikin sa'a ɗaya ba ne. Tsohon ya sosa ƙeya ya ce to gaskiya ya je duba matarsa da ba ta da lafiya, ya kwana can, amma da izini. Oga da kansa ya ce ya je, ya ce ranar hutu wa zai zo. Sai ya matso ya rage murya, ya ce in ana neman mai jin haushin kamfanin, a nemi Dogo. Shi ma ɗakin gam yake, aka kore shi kwanakin baya saboda lalaci, yana yawan zubar da kaya. Ranar da zai tafi ya ce sai sun gani.

Mai Sawu ya kama sunan nan kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Sauran maganar tsohon ta bi ta bayan kunnensa.

Ɗakin Dogo yana bayan tashar mota, a wani gida mai ɗakuna da yawa. Mai Sawu bai kai ga ƙwanƙwasa ƙofa ba ya tsaya cak. Tun daga bakin zaure ƙasa ke ba shi labari: manyan sawu, kowane taku da siririn layi a gabansa, hagu da dama duka. Kusa da su ga ƙananan sawu, na jiya, su ma da layinsu. A bakin ƙofa takalmi ne babba, gabansa ya cinye har roba ta huje.

Dogo ya fito yana dafa bango. Saurayi ne mai faɗin kafaɗa, amma yana ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa bene kafin ya ajiye ƙafa, ta faɗi da ƙara. Da ya ga ko wane ne, ya sunkuyar da kai. Ya ce e, Auta ta zo jiya, ta daɗe tana roƙonsa ya bi ta asibiti. Shi ya sa ta yi alkawarin kada ta faɗa wa kowa, don an kusa sa masa ranar aure, in dangin yarinyar suka ji ya nakasa shi ke nan. Ya ce ba lalaci ya sa yake zubar da kaya ba, hannun ne ke saki. Maganar sai sun gani kuwa, baƙin ciki ne, me zai nuna musu da ƙafar da ko kwata ba ta iya tsallakawa.

Mai Sawu ya tambaye shi ko yana da suga. Dogo ya yi wata 'yar dariya.

"Baba, sugar da na sani ta shayi ce kawai. An auna ni a kemis, babu komai."

Mai Sawu ya zauna a kan dakali ba tare da an ce ya zauna ba. Ya zo neman ɓarawo, ya samu wani yaron mutane da ciwon 'yarsa. Sawun bayan kamfani ba na Dogo ba ne, ya yi ƙanƙanta. Zuwan Auta nan kuma bai wanke ta ba, yini ɗaya yana da tsawo. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tsoro. Ya ce wa Dogo ya sa riga, in ya ƙi zai ɗauke shi a kafaɗa a gaban duk 'yan gidan.

Washegari da safe su uku suka zauna a layin asibiti, Auta a tsakiya, ta kau da kai daga ubanta. Likitar mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawar magana. Ita ke duba Auta tun da ƙafar ta fara. Mai Sawu bai taɓa shiga ba, kullum a waje yake tsayawa yana zagaye, don ba ya iya jure jin abin da za a ce. Ranar ya shiga.

Likitar ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce gaskiya ne suga na cin jijiyoyin ƙafa, kuma da aka kawo mai suga da mutuwar ƙafa, hankalin kowa can yake tafiya. Amma na suga yawanci a hankali yake zuwa, da zafi ko dindiris a yatsu, ƙarfi kuma sai daga baya yake raguwa. Na Auta ya zo da sauri, ya kama ƙarfi tun da wuri, ya haura hannu, alhali awon sugarta yana kyau, ta fi yawancin marasa lafiyarta kula. Shi ya sa ta ƙi yarda. Ta auna jini ko akwai sinadarin da ya yi ƙaranci a jiki, ta duba ƙoda, ta bi magungunan da take sha ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga komai ba. Sai ta koma tambayar aiki. Akwai irin gam ɗin da in mutum ya daɗe yana shaƙarsa a ɗaki marar iska yake lalata jijiya. Ba kowane gam ba. Dole sai ta san wanne ne, shi ya sa ta ce a kawo mata ko cokali ɗaya.

Auta ta ce da can gam ɗin a gwangwani mai rubutu yake zuwa. Daga baya aka koma kawo shi a duro marar rubutu, mai wari har cikin ƙwaƙwalwa. Aka kuma toshe tagar ɗakin da katako, wai iska na busar da shi da wuri.

Likitar ta duba Dogo, ta ƙwanƙwasa gwiwarsa da idon sawunsa da 'yar gudumar roba, ta daɗe tana rubutu. Sannan ta ce su miƙe su biyun su dafa tebur.

"Ku ɗaga yatsun ƙafa sama, ku tsaya a kan dunduniya kawai."

Dogo ya cije leɓe, yatsun ba su motsa ba. Auta ta yi ta ƙoƙari har gumi ya tsatso mata a goshi. Ƙafar dama ta ɗan yi rawa ta koma, ta hagu kamar an liƙa ta da ƙasa. Likitar ta ce jijiyar da ke ɗaga gaban ƙafa ce ta yi rauni, shi ya sa yatsu ke jan ƙasa. Mai irin wannan ba zai iya kafa dunduniya ya ɗaga yatsu ba ko da za a ba shi duniya.

Mai Sawu ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, ko da ƙafa ɗaya ba za ta iya ba. Likitar ta ce ai ga shi ya gani. Ya ce in bai kawo gam ɗin ba fa. Ta ce za ta ci gaba da nema, za ta kuma hana su komawa ɗakin, amma ba ta da abin da za ta nuna wa jami'an lafiya, kuma akwai wasu da ke shaƙarsa har yanzu, ko za su shaƙa in an dawo da shi.

Ya miƙe ya manta hularsa a kan kujera.

A kamfani ya iske mota ta sauke tsakuwa a ƙofar baya, lebura biyu suna shirin bazawa a filin. Sun ce Oga ne ya ce a rufe lakar. Ya roƙe su su je su sha ruwa tukuna. Ya ɗaga fallayen kwanon ɗaya bayan ɗaya. Lakar ba ta bushe ba, inuwar kwanon ta riƙe ta kamar yadda ya bar ta.

Jiya layin hagun kawai ya gani, tsoro ya rufe masa ido daga sauran. Yau shatin duron ya bi. Wanda ke jan kaya mai nauyi da baya-baya yake tafiya, kayan kuma su bi su shafe sawunsa. Amma duron ya fi tsakanin ƙafafun mutumin ƙanƙanta. A gefe da gefen shatin, inda bakin duron bai kai ba, ga ramuka nan a jere, zagayayyu, masu zurfi, kamar an danna gindin kofi. Dunduniya ce zalla, an kafa ta an ja da ƙarfi, yatsu a sama. Hagu da dama duka, kuma ta hagun ma ta fi zurfi. Ta dama tana karkata waje.

Ya koma kan sawun shigowa. Yanzu da idonsa ya buɗe, sai ya ga layin ya cika kyau, tsawonsa ɗaya kowane taku, kamar an auna. Na Auta ba ya taɓa zama ɗaya, wani dogo, wani gajere, wani da ɗan tuntuɓe. Kuma a nan ma ƙafar dama tana karkata waje. Ya ɗaga kai ya dubi gefen filin, inda wani ya shige gabansa jiya yana nuna masa hanya. Ya ja falle guda ya rufe wurin.

Ya zauna a bakin kwata, ya rufe fuskarsa da hannu biyu, ya daɗe a haka.

Da la'asar ya ce a tara kowa a filin baya, zai faɗi abin da ƙasa ta ce. Mai kamfani ya yarda da sauri, yana zaton maganar kwalta ce. Ma'aikata suka fito, da maigadi, da masu walda a kan katanga. Auta da Dogo suka zo a bayan babur. Wani sajan ɗin 'yan sanda, wanda suka daɗe suna aiki tare da Mai Sawu, ya shigo ya jingina da ƙofa, ya ce wucewa yake yi. Fara'ar mai kamfani ta ɗan ragu.

Mai Sawu bai iya jawabi ba. Ya ce kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, ya ɗaga yatsun ƙafa, ya tsaya a kan dunduniya. Aka yi dariya. Wani mai walda ya ce Baba ya koma malamin motsa jiki. Amma aka yi. Masu yanka fata suka tsaya, masu ɗinki suka tsaya, tsohon maigadi ma ya tsaya yana tangaɗi. Auta ta kasa. Dogo ya kasa. Sai dariyar ta yanke, domin akwai ta uku. Wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo, wadda ta gaji kujerar Dogo a ɗakin gam, tana tsaye tana kallon ƙafafunta. Yatsun sun ɗaga kaɗan, sun faɗi. Ta sake, suka sake faɗi.

"Ni fa na ɗauka tsufa ne," in ji ta.

Mai Sawu ya nuna musu ramukan da ke gefen shatin. Ya ce wanda ya ja duron nan a kan dunduniyarsa ya ja shi, kuma duk kamfanin mutum uku ne kawai ba za su iya ba, ga su nan. Wanda ya shigo ya kwaikwayi tafiyar Auta ne, amma da nauyi ya hau hannunsa sai jikinsa ya manta da kwaikwayo. Ya sa aka cika wani tsohon duro da ruwa, aka jiƙa gefe guda na filin, ya ce duk mai takalmin da ya yi daidai da wannan sawun ya ja duron da baya, taku kaɗan. Masu ɗinki biyu suka ja. Maigadi ya ja yana mita. Mai Sawu ya duba, ya girgiza kai. Sannan ya juya.

"Ranka ya daɗe, saura kai."

Mai kamfani ya ce wannan raini ne, shi aka yi wa sata. Sajan ya ce daga bakin ƙofa ai ba komai, Oga ya ja a wuce wurin. Mai Sawu ya ce in bai so ba sai ya ja ba, ya riga ya taka filin jiya. Ya ɗaga fallen kwano na ƙarshe, wanda ya rufe gefen da mai kamfani ya bi yana nuna hanya. Ƙafar dama a karkace waje, daidai da ta ɓarawon, kamar an buga su da hatimi ɗaya. Tsohon maigadi ya buɗe baki ya ce ashe shi ya sa aka ce ya je ya duba matarsa.

Mutumin ya fara da faɗa, ya koma rantsuwa, ya ƙare da zama a kan tulin tsakuwa. Ya ce gam ɗin duro ya fi araha, wanda ya sayar masa ya ce duk ɗaya ne. Da Dogo ya fara zubar da kaya bai kawo komai a ransa ba. Da Auta ta fara jan ƙafa ya ce suga ne, kowa ma ya ce suga ne. Sai da ta zo da maganar likita ya haɗa biyun, ya tsorata za a rufe masa kamfani. Ya ce bai yi niyyar a kama ta ba, shi ya sa bai kira hukuma ba.

"Shi ya sa ka kira ni," in ji Mai Sawu. "Ka san uba zai gani ya yi shiru."

Bai ƙara da cewa saura kaɗan lissafin ya yi daidai ba. Ya tambayi inda duron yake. Yana garejin gidan mai kamfani, da keken ɗinkin a kansa, an lulluɓe da tamfol. Sajan ya tafi da mutumin. Mai Sawu ya bi su a kan kekensa da kwalba a aljihu, bai yarda kowa ya ɗiba masa ba.

Gwajin ya nuna abin da likitar ta yi zargi. Jami'an lafiya suka zo suka ɓalle katakon tagar, suka tafi da duron, aka auna duk wanda ya taɓa zama a ɗakin. Likitar ta kira Mai Sawu ta gaya masa gaskiya ba ragi. Ta ce ko an daina shaƙa, ciwon kan ƙara tsananta na ɗan lokaci kafin ya tsaya, kada ya firgita. Bayan nan jijiya kan farfaɗo a hankali ƙwarai, wasu su warke, wasu ya bar musu saura. Ga Auta, da suga a gefe, ba za ta yi alkawari ba. Ya ce ya gode.

Haka kuwa aka yi. Ta kai Auta sai da sanda. Ta daina yi masa fushi, amma ba ta manta ba. Wata rana yana ɗaure mata takalmin da asibiti suka ba ta mai riƙe idon sawu, ta ce masa da ya yarda da ita tun farko da bai sha wahalar zuwa tasha ba. Ya ce haka ne. Ta ce amma da Dogo bai je asibiti ba. Ya ce wannan ma haka ne. Ta dafa kansa ta miƙe.

Ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a da uwar gidan ta rasa gane kanta. Kullum da sassafe sai ya share tsakanin ƙofar Auta da famfo, ya yayyafa ruwa, ya lallashe ƙasar da bayan tsintsiya. In ta wuce ba takalmi, sai ya jira ta shiga wanka, ya durƙusa ya duba. Layi biyu, da ɗigon sanda. Damina ta wuce, layi biyu. Aka ɗaura auren Dogo, ya je da sandarsa, amaryar ba ta fasa ba. Layin dama ya fara gajarta. Ɗigon sandar ya ɓace.

Wata safiya ya durƙusa kamar kullum, bai tashi ba. A bayan sawun hagu, wurin dunduniya, inda watanni ba a ga komai ba sai shafaffen tafi, akwai ɗan lotsawa, bai fi girman kwabo ba. Ya sa yatsa ya taɓa gefensa a hankali. Taku na gaba babu. Na gaba da shi ma babu. Ya koma kan na farkon.

"Baba, na san abin da kake yi tun ranar farko," in ji Auta daga bakin famfo. "Me ƙasar ta ce yau?"

Ya miƙa hannu ya ɗauko kwanon wanki, ya kife shi a kan sawun, ya ce kada wanda ya taɓa sai uwarta ta zo ta gani.